A rage wa 'yan nazare rubutu, a ba su gwangwani da wake

Ranar wata Laraba autata ta dawo daga makaranta da aikin gida. Shekararta huɗu da 'yan watanni, tana nazare tu. An zana musu shuka a takarda an ja kibiya huɗu, wai ta rubuta sunan kowane sashe da Turanci, kuma wallahi ta iya, tana rerawa kamar karatun allo, rut, sitem, lif, fulawa, har da gyaɗa kai. Na ji daɗi irin na uba, nace to Alhamdulillahi kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida sai na tumɓuke wata 'yar ciyawa da ta fito a gindin katanga, na kakkaɓe ƙasar na nuna mata fararen zaren nan na ƙasa nace Mamana mene ne wannan? Yarinya ta yi tsalle ta koma bayana tace Baba yar da shi, tsutsa ce.

Dariya na fara yi, daga baya kuma abin ya tsaya min a rai. Rut ɗin da ta wuni tana rerawa kenan fa a hannuna, amma ba ta san shi ba, ba ta kuma san ana ce masa saiwa ba. Ni ina kamar shekarunta an riga an fara tafiya da ni gona ranar shuka, babanmu yana gaba yana sara da sungumi mu muna biye da ƙoƙon iri muna zubawa muna rufewa da ƙafa, rabin irin ma a wajen rami yake zuba amma ba wanda zai kore ka. Da na ƙara tasawa aka yanka min 'yar gayauna a gefen gandu, ko tabarma uku ba ta kai ba, amma duk wanda ya taka min ita sai mun yi rigima. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni yace yau darasin saiwa za mu yi. Gani na yi, na taɓa, na cire, aka yi min faɗa don na cire wadda ba ta cirewa ba.

Ba ina cewa da can ya fi yanzu bane, wahalar da muka sha ba na fatan 'ya'yana su sha ta. Amma a duba rayuwar yaron birni a yau. Gidan haya, tsakar gida an malale da siminti ko tayil, ƙofar gida intalok, da safe a tura shi cikin adaidaita sahu ko motar makaranta, makarantar ma gida ne mai ɗaki huɗu aka mayar aji-aji ba filin da za a yi ko langa, a tashi a wuce islamiyya, a dawo a ba shi waya ya yi shiru. Yaro sai ya yi sati bai taɓa ƙasa da hannunsa ba, in ma ya taɓa uwa ta daka masa tsawa zai ɓata yunifom. Tuwon ƙasa da yara suke yi da ya zama ƙazanta.

Maganata ba mai tsawo ba ce. Duk makarantar nazare a garin nan, ta kuɗi da ta gwamnati, ya kamata a ce akwai gwangwanaye jere a kan tagar kowane aji, kowane yaro da nasa, da abin da ya shuka da hannunsa. Kuma ba ƙarin darasi nake nema a ɗora musu ba, a'a, cewa nake a cire wani abu a sa wannan a gurbinsa. A ɗauki minti ashirin cikin lokacin nan da ake tilasta wa ɗan shekara uku ya cika shafi da harafin da hannunsa bai ma yi ƙwarin rubutawa ba, a ba shi ƙasa da ruwa.

Wani zai ce to me ya kawo shuka cikin ɗaki, mu da Allah ya hore mana rana da fili? Wanda ya faɗi haka bai taɓa gwada shuka a unguwa ba. Akuya kaɗai ta ishe ka. In ka tsira daga akuya kaji na nan, ga ƙadangare da ba ya barin sabon tsiro, ga kuma ranar bazara ta Kano ko Sakkwato ko Maraɗi wadda za ta dafa gwangwani da abin da ke cikinsa kafin azahar. A kan taga ko a baranda kuwa akwai haske babu ƙuna, kuma abin yana gaban idon yaro kullum, ya shigo aji da safe shi zai fara leƙawa. Wannan ɗin shi ne dalilin da ya fi min ƙarfi, don ɗan shekara huɗu abin da ba ya gani ya manta da shi.

Bayan maganar tsutsar nan ni da kaina na gwada a gida, kuma da wake na fara don babu abin da ya fi shi sauƙi. Na samu gorar ruwa ta roba irin mai nuna ciki, na yanke samanta, na jiƙa auduga na cusa, na soka ƙwayar wake uku ta jikin robar yadda za a riƙa ganinsu daga waje. Rana ta farko ba komai sai dai waken ya kumbura ya yi taushi, ta zo ta duba ya fi sau goma tana cewa Baba bai tashi ba. Kwana biyu zuwa uku sai ga ɗan farin abu ya ɓullo ya nufi ƙasa. Abin da ya ba ta mamaki, ni ma dai gaskiya na daɗe ban tsaya na kalle shi ba, duk yadda ka ajiye ƙwayar, a kwance ko a tsaye ko a kife, saiwar ƙasa take nufa. Na kwantar da gorar a gefe, kwana biyu saiwar ta lanƙwasa ta sake yin ƙasa. Tace waye ya gaya mata hanya? Daga nan wuyan tsiron ya fito a lanƙwashe ya ɗago ƙwayar sama, ɓawon ya faɗi, ganye biyu suka buɗe. Duk wannan cikin sati guda ne in da ɗumi, lokacin hunturu yakan ɗan ƙara kwanaki. Ranar da ganye ya buɗe ta nuna min ƙasan gorar da yatsa tace ga tsutsar nan, sai ta yi dariya tace saiwa ce.

Daga nan muka koma ƙasa. Gwangwanin madara ko na tumatir ko robar man shanu, a huda gindinsa da ƙusa huda uku ko huɗu don ruwa ya riƙa tsiyayewa, wannan hudar ita ce mutane suke mantawa sai saiwa ta ruɓe a ce iri ne ba kyau. Ƙasa kuma ba laka zalla ba don tana ƙanƙarewa, ba rairayi zalla ba don ba ya riƙe ruwa, a gauraya su a zuba ɗan busasshen taki wanda ya riga ya huce. Muka shuka gwangwani biyu, ɗaya a taga ɗaya muka kulle a cikin kabad. Na kabad ya fito ya yi tsawo zololo, fari-fari ɗorawa-ɗorawa kamar mai jinya, na taga gajere kore shar kuma kullum yana karkata wajen haske, mu juya gwangwanin gobe ya sake juyowa. Ban ce mata shuka na buƙatar rana ba, ita ta gaya min, har da tausayin na kabad ɗin wai mun zalunce shi.

Albasa ma abin wasa ce mai kyau, ka ɗora ta a bakin kwalba gindinta na taɓa ruwa, 'yan kwanaki saiwa ta cika kwalbar lawashi ya fito ta sama, yaro ya yanko da hannunsa a soya masa da ƙwai, ranar ka ga cin abinci. Lansir ya fi kowa sauri, a barbaɗa shi a jiƙaƙƙiyar auduga a faranti kwana biyu ya fara tsirowa, shi ya dace da 'yan ƙananan da ba su da haƙurin jira. Dankalin Hausa a tsoma rabinsa a ruwa, sati biyu ya fara toho ya yi ta yaɗo yana bin taga. Gero da dawa su ma ba sa ɓata lokaci. Kan karas in an yanke an sa a ɗan ruwa ganye zai yi, amma kar a yi wa yaro alkawarin karas, ba zai haifi karas ba.

Wadda na fi so a ce manyan cikinsu, 'yan shekara biyar ɗin nan, sun gani ita ce gyaɗa, sai dai ita bokiti take so da rana sosai da wajen wata uku zuwa huɗu. Furenta a sama yake fitowa ɗan rawaya, in ya bushe sai wani ɗan tsinke ya sauko ya huda ƙasa, a can ƙarƙashi 'ya'yan suke yi. Garin da aka san shi da dalar gyaɗa, ka tambayi manya ma masu digiri yadda gyaɗa take haihuwa ka sha mamaki. Tumatir kuwa ban ba da shawarar a fara da shi ba duk da shi kowa yake fara tunawa, yana da jinkiri, yana son rana, ga cuta, manoman Kadawa da Kura ma da sana'arsu ce sun ji jiki a 2016 da wata tsutsar tumatir ta cinye gonaki, balle anti da yara talatin.

Abin da ya fi ba ni dariya kuma ya fi ba ni haushi shi ne sunayen da ke jikin allunan makarantun nan. Ka bi titi ka karanta, wannan kindagatin, waccan Montessori. Kalmar kindagatin ɗin nan Jamusanci ce, ma'anarta lambun yara, wani Bajamushe Friedrich Froebel ne ya raɗa wa makarantarsa wannan suna a 1840 a wani gari Bad Blankenburg, kuma ba suna kawai ba, yaran suna da 'yan fegin da suke shukawa da kansu. Maria Montessori kuma likita ce 'yar Italiya, ta buɗe gidan yaranta na farko a 1907 a wata unguwar talakawa a birnin Rum, kuma kula da shuka da ban ruwa da shara da wanke hannu suna cikin ainihin abin da tsarinta ya ginu a kai, yaro ya yi aiki da hannunsa. Mu sai muka ɗauko sunan muka manna a geti muka ƙara kuɗin makaranta, muka bar lambun a can. Kai ko manufar ilimi ta ƙasa ta Najeriya cewa ta yi babbar hanyar koyarwa a matakin gaban firamare wasa ce. Wasa fa. To a wace nazare ake bin wannan? Abin da ake yi shi ne a ɗauko aikin aji ɗaya da aji biyu na firamare a sauke wa 'yan shekara uku don a burge mu iyaye.

Kuma ba wai shukar nan hutu ce daga karatu ba. Yaron da ya ƙirga wake uku ya sa a rami ya yi lissafi. Wanda ya ga biyu sun fito ɗaya bai fito ba ya yi ɗebewa tun kafin a koya masa alamarta. A ba shi tsinke ya gwada tsawon tsiron yau a karya daidai nan, bayan kwana uku ya sake gwadawa ya ga tsinken ya gaza, ya fahimci awo. Tsintar ƙwaya da yatsu biyu da zuba ruwa da murfin gora ba tare da ya malale ba, su ne suke ƙarfafa yatsun da gobe za su riƙe fensir. Amma duk waɗannan ba su kai jira ba a wajena. Yaran yanzu komai danna-ka-gani ne, katun bai yi daɗi ba a shafa allo wani ya fito. Wake ba ruwansa da wannan, ko ka yi birgima sai ya cika kwanakinsa. Akwai ranar da ta tone ƙwayar don ta ga ko ta fara, ta karya saiwar, shukar ta mutu. Ta yi kuka sosai, uwarta tace in je in sayo wata a wajen masu fulawa in musanya kafin ta tashi barci, nace a'a a bar ta. Gwangwani na gaba ba ta tone shi ba. Akwai kuma wanda ta kashe da so, ban ruwa sau biyar a rana.

Sai harshe. A sati uku yarinyar nan ta koyi iri, tsiro, saiwa, toho, yabanya, taki, ban ruwa, yaushi, huda, kalmomin da in ba a gona ba ba ka jin su, kuma yaran birni da yawa sun tashi babu su a bakinsu. Ba na faɗa da Turanci, ta koya, ai don shi nake biyan kuɗi. Amma kalmar da yaro ya taɓa abinta da hannu ita take zama, sai ka ɗora masa ta Turancin a kai ta samu wajen tsayawa. In babu wannan to aku kawai muke kiwo.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Anti ɗaya, yara sun fi talatin, wannan na kuka wancan ya yi fitsari, albashin da ake ba ta ko kuɗin mota ba ya isa, sannan ka zo kace ta kawo ƙasa cikin aji? Wa zai share? Ban raina wannan ba. Amma ba sai an yi gwangwani talatin rana ɗaya ba, a kasa su biyar-biyar kowane rukuni da bokitin fenti ɗaya, yau waɗannan gobe waɗancan, a shimfiɗa buhu a ƙasa kafin a fara, sharar kuma yaran ne za su yi don tana cikin darasin. Maganar ruwa, wanda yake sayen jarka a wajen 'yan garuwa ya san darajar kofi ɗaya, to amma gwangwanin wake murfin gora biyu zuwa uku ya ishe shi a rana, kuma ruwan alwala da ake zubarwa a kwata kullum in aka tara shi a bokiti ya shayar da tagar makaranta gaba ɗaya, a gida kuma ga ruwan wankin shinkafa. Asabar da Lahadi a tsoma bakin tsumma a kofin ruwa a binne ɗaya bakin a ƙasar gwangwanin, zai riƙa tsotsa a hankali. Dogon hutu kuma kowa ya ɗau nasa ya tafi da shi gida, shi ya sa gara a zaɓi abin da zai nuna kansa cikin zango ɗaya.

Inda ba na son a yi wasa shi ne wajen haɗari, don yaran nan komai baki suke kaiwa. Irin da ake sayarwa a shagon kayan noma wanda za ka gan shi da launi ja ko ruwan hoda ko kore, magani ne aka shafa masa, kar ya shiga aji ko da wasa. Waken kasuwa ma a yi hattara, kowa ya san yadda wasu suke zuba masa maganin ƙwari a buhu, har ta kai Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda haka, don haka a wanke shi sosai, in da hali a samo na gida wanda aka san yadda aka ajiye shi. Sannan ƙwayar wake da ta masara daidai hancin yaro suke da kunnensa, kuma in ta shiga ta ji danshi kumbura take, duk ma'aikacin asibiti ya san wannan. 'Yan ƙasa da shekara uku ni a ganina kar a ba su ƙwaya a hannu, albasa da dankali sun ishe su, manyan kuma a ƙirga abin da aka ba kowa a ga ya shiga rami. Bakin gwangwani a daddake shi ko a yi amfani da roba. Kar wani ya ɗebo 'ya'yan zurman ko na bini-da-zugu ko zaƙami don ya ga suna saurin fitowa, guba ne, tumfafiya kuma ƙaronta illa ne ga ido. Ruwan kwalbar albasa a canza shi duk bayan kwana biyu ko uku, don sauro sati ɗaya zuwa kwana goma yake buƙata daga ƙwai ya zama mai cizo, kar mu je neman ilimi mu dawo da maleriya. A gama a wanke hannu da sabulu. Duk wannan bai fi ƙarfin mai hankali ɗaya a aji ba.

Tsorona ɗaya, na san halin wasu masu makarantu. Suna jin wannan sai ka ga takarda a jakar yaro, kuɗin lambu naira kaza, a sayo tukwanen roba masu kala da 'yar rigar aikin gona da hula, a jera yara a ɗau hoto a sa a Facebook, bayan sati biyu komai ya bushe a bayan ofis. Kamar dai bikin dashen itatuwa da ake yi duk damina, a zo da manyan baƙi a dasa a tafa a watse, ba mai komawa da ruwa. Dan Allah in za a karɓi kuɗi a bar shi kawai. Gwangwani a bola yake, wake a kicin yake, ƙasa kuwa ko an rufe ta da siminti ba ta ƙare ba. Ya ishe mu da kuɗin giraduweshin na yaron da bai iya ɗaura wando ba.

Akwai kuma masu cewa ni boko na kai ɗana ba noma ba, in noma nake so ai da ƙauye zan tura shi. Wannan maganar na ji ta da kunnena daga bakin mutumin da kuɗin makarantar 'ya'yansa daga hatsin da yake saye a Dawanau yake fitowa. Amma ban ga laifinsa sosai ba, haka aka tarbiyyantar da mu. A makarantunmu noma horo ne, ka makara a miƙa maka fartanya, ka yi surutu a ce je ka nome bayan aji, to yaron da aka yi shekara goma ana hukunta shi da fartanya ta yaya zai girma yana ganin mutuncinta? An yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, an yi juyin noma na Shagari a 1980, kowace gwamnati ta zo sai ta ce matasa su koma gona, alhali tun suna ƙanana an riga an nuna musu gona wajen wanda ya faɗi jarrabawa ce. Ni ba manomiya nake son 'yata ta zama dole ba, ta zama likita ko injiniya ko duk abin da Allah ya nufa. Amma likitan ma da kallon abu mai rai yake farawa, ya lura yau ya canza ba kamar jiya ba, ya tambayi dalili. Kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye mata, a Samaru ta Zariya akwai masana da suka ƙare rayuwarsu kan inganta irinsa, ba abin kunya bane ɗan Bahaushe ya san yadda yake tsirowa.

In za a faɗi gaskiya ma laifin ba na anti bane, ba kuma duka na mai makaranta ba, namu ne. Mu ne muke buɗe jakar yaro da yamma in ba mu ga aikin gida ba mu hau guruf ɗin iyaye a WhatsApp muna cewa makarantar nan ta lalace. Mu ne muke gasa, ɗan wance shekararsa uku yana rubuta ɗaya zuwa ɗari, nawa me yake jira. Mu ne in yaro ya dawo da ƙasa a gwiwar wando za mu je har ofis. Mai makaranta ɗan kasuwa ne, abin da mai saye yake so shi zai kasa. Ranar da iyaye biyar suka miƙe a taron iyaye da malamai suka ce mun yarda a rage shafi ɗaya, mun yarda yunifom ya yi datti ranar Alhamis, wallahi sati ba zai zagayo ba za ka ga gwangwanaye a taga. Ni na yi niyyar ɗaga hannu a zama mai zuwa, na ma fara tara gwangwanin madara a buhu, uwargida tana ta tambaya ko gwangwan zan fara.

Waken da ya rayu cikin namu kuwa ya yi girma har ya fi ƙarfin gwangwani, muka mayar da shi tsohon bokiti muka fitar da shi tsakar gida don ya samu rana, ya yi yaɗo ya kama igiyar shanya, har ya fara huda. Ran nan wani ya bar ƙofa a buɗe akuyar maƙota ta shigo, kafin a ankara saura kara. Kukan da aka yi a gidan nan har maƙotan sai da suka leƙo. Hajiyarmu tana nan ta zo kwana biyu, ta jawo ta jikinta tana lallashi tace haba takwara, ai Annabi Sallallahu alaihi wasallam ya ce duk Musulmin da ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, sadaka ce a gare shi, kin ga ke yau kin yi sadaka. Yarinya ta share majina ta kalle ta tace Hajiya ni ba ita na yi niyyar ba wa ba.

Washegari da sassafe ta zo ta tashe ni da gwangwani a hannu, wai wannan karon a saman firij za a ajiye. Nace Mamana babu rana a saman firij. Tace to a matsar da firij ɗin bakin taga.